Gidan Dantata: ba raƙuman azurfa ba ne suka kawo su yau

Tun ranar da Allah Ya yi wa Alhaji Aminu Dantata rasuwa a ƙarshen watan Yunin 2025, na lura duk wanda zai yi magana a kan gidan nan a Facebook ko a WhatsApp hoto ɗaya yake ɗorawa, dalar gyaɗa, labari ma ɗaya ne, raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da mahaifinsa Alhassan Dantata ya kai banki. Daga nan sai "Allah Ya jiƙan maza" sai a wuce. Wannan bai dame ni sosai ba sai da na ji wani matashi mai sayar da kayan waya a majalisarmu, yaro mai hankali wallahi, yana cewa shi fa bai ga abin yabo ba. Ya ce "Kawu ai duk gado ne, ni ma a ba ni raƙumi ɗaya tak a ga ko ba zan zama Dangote ba." Aka kwashe da dariya.

Ni kam abin haushi ya ba ni, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, rabin samarinmu haka suka ɗauka.

Ra'ayina a fili yake. Ba kuɗi ne ya riƙe gidan Dantata sama da shekara 100 ba. Kano ta ga masu kuɗi iri-iri, wasu a zamaninsu ko sarki sai ya san da zamansu, yau jikokinsu suna rigima a kan ɗaki ɗaya a tsohon gida. Abin da gidan nan ya yi daban shi ne sun saba barin sana'a kafin ta mutu a hannunsu, suna sa yaro aiki tun bai san daɗin kuɗi ba, kuma ba su bari an binne kamfani tare da mai shi ba. Mu kuma mun mayar da tarihin tatsuniyar raƙuma, shi ya sa ba mu koyi komai a ciki ba.

A taƙaice, daga ina aka faro

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, waɗanda fataucin goro ne sana'arsu tun kaka da kakanni. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akara a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar shi hannun wata dattijuwa mai suna Tata, ita ta raine shi har sunanta ya bi shi. Ka ga ke nan shi kansa tushen gidan ba a kan tulin dukiya ya buɗe ido ba, maraya ne wanda ya yi almajiranci ya yi ƙananan sana'o'i kafin ya bi hanyar Gwanja, ƙasar da fatake ke zuwa sayen goro a arewacin Gana ta yau.

Kuma hanyar Gwanja ba wasa ba ce. Ayari zai tashi da jakuna, a yi wata da watanni ana tafiya daga zango zuwa zango, ga 'yan fashi ga kuɗin fito ga cuta, sannan shi goro kaya ne mai shagwaɓa, in ba a buɗe huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa ba kafin ka iso gida rabin jarinka ya tafi. Alhassan ya duba ya ga akwai jirgin ruwa da ke tashi daga gaɓar Gana zuwa Legas, sai ya fara ɗora goronsa a jirgi tun wajen 1906, lokacin da sauran fatake ke ganin hanyar kakanni ita ce hanya. Wannan shi ne canjin farko, kuma ni a wurina ya fi labarin raƙuman nan muhimmanci nesa ba kusa ba.

Na biyu ya zo da jirgin ƙasa. Layin dogo ya fara aiki zuwa Kano a 1912, Turawa suna ta lissafin auduga za su kwasa su kai masaƙunsu na Ingila, manoman ƙasar Kano kuwa suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in kasuwa ta ƙi ana iya cinta. Alhassan ya dawo gida ya shiga sayen gyaɗa, zuwa 1918 ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin kamfanin Turawa na UAC. Raƙuman da ake ta faɗa sai a 1929 suka zo, aka kai su reshen Kano na bankin Turawa Bank of British West Africa, wato First Bank ta yau. Mutumin a lokacin ya haura shekara 50, ya kwashe sama da shekara 30 yana wahala. Amma mu daga nan muke fara labarin.

"Ai Turawa ne suka ɗaga shi"

Wannan ita ce magana ta farko da 'yan boko ke jefowa, wai ejan ne na 'yan mulkin mallaka, sun ba shi kuɗi ya sayo musu gyaɗa, to meye abin burgewa.

Gaskiya ne ya yi aiki da su, ba mai musun wannan. Amma a tambaya, me ya sa shi? Turawan nan ba ƙaunarsa suke ba, neman wanda zai iya suke. Bature yana zaune a kantinsa kusa da tashar jirgi, bai san hanyar Gaya ba bai san ta Ɗambatta ba, bai san wane mai unguwa ake fara gaisarwa ba, in ya ba baƙo fam ɗari ya shiga ƙauye to ya yi sallama da ita. Abin da ba su da shi shi ne mutane, Alhassan kuwa yana da su tun zamanin goro, yaran gida da dillalai da 'yan uwa da surukai a garuruwa, waɗanda za a ba kuɗi tun kafin kaka su bazu ƙauyuka da sikeli da buhuna su dawo da kaya cif. Wannan jarin ba a banki yake ba kuma ba Bature ne ya ba shi ba.

Sannan ba shi kaɗai aka ba wannan damar ba. Akwai Kwarori da Larabawan Tarabulus da Yarabawa da wasu Hausawan da suka yi irin wannan aikin a lokaci guda. Da yawansu ko sunansu ba a tunawa. In dai tallafin Bature ne kaɗai sirrin, ina sauran?

"To ina masana'antar? Ai saye da sayarwa ne kawai"

Nan kam sai na rage murya, don masu wannan maganar suna da ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne nake faɗa da hoton dalar gyaɗa.

Jama'a, dalar gyaɗa ba masana'anta ba ce. Buhuna ne aka jera, ana cewa kamar 15,000 a kowace ɗaya, a Ƙofar Mazugal da wasu wurare, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas a tura Turai a matse mai a yi sabulu da man shafa wa burodi, a dawo mana da wasu mu saya da tsada. Dalar tana tsawo ne saboda jirgin ba ya iya kwashewa da wuri. Kyau kam tana da kyau a hoto, lebura ya ɗauko buhu a ka ya hau har ƙololuwa, abin sha'awa, amma in ka tsaya ka yi tunani hoton ɗanyen kaya ne da ba mu iya sarrafawa ba. Duk gwamnan da ya hau sai ya ce zai dawo da dalar gyaɗa, ni kuwa in ce Allah Ya kiyaye, a dawo da gyaɗar dai, a kai ta injin matsa a Sharaɗa ko Bompai.

Kuma gyaɗar ai ta tafi. Farin farkon shekarun 1970 ya buge ta, cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 ta ƙarasa, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, zuwa 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Duk gidan da ya ce shi gyaɗa ya gada kuma a gyaɗa zai mutu, to ya mutu ɗin.

Gidan Dantata bai tsaya jiran wannan ranar ba. Shi kansa Alhassan kafin rasuwarsa yana cikin attajiran da suka haɗa jari a Kano Citizens Trading Company don a kafa masaƙa ta 'yan ƙasa. Cikin 'ya'yansa, Sanusi ya shiga harkar manyan motoci na sufuri. Mamuda ya kama jigilar alhazai, kamfaninsa ne ma ya bar wa Fagge sunan Wapa da kowa ke faɗa yau ba tare da ya san daga ina ya zo ba. Aminu ya buɗe ɓangaren gine-gine ana dab da samun 'yancin kai, ya yi kwangiloli a Kaduna da Zariya, ya yi dilancin motoci, da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972 ya sayi hannun jari a kamfanonin da Turawa suka kafa, daga baya ya shiga man fetur, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa bankin Jaiz. Jikoki suka zo, Abdulƙadir Sanusi Dantata ya haɗa kai da Jamusawa aka yi Dantata & Sawoe mai gina tituna, Sayyu Dantata ya yi kamfanin mai na MRS, sai kuma ɗan Hajiya Mariya Sanusi Dantata, wato Aliko Dangote, wanda ya fara a ƙarshen shekarun 1970 da rancen da ya samu a dangin mahaifiyarsa yana sayen siminti da sukari da shinkafa yana sayarwa, sai da ya shekara wajen 20 a haka kafin ya koma yin kayan da kansa. Yau ga masana'antar siminti ta Obajana, ga matatar Lekki mai tace ganga 650,000 a rana.

Ka duba tsawon tafiyar. Daga huhun goro zuwa matatar mai, zuriya huɗu. Masana'anta ba ta faɗowa daga sama, sai an san kasuwar kaya ciki da waje kafin a yi ƙarfin halin kafa injinsa, wanda ya shekara 20 yana sayar da siminti ya san tirela nawa Kano ke sha a wata, ya san dilan da ke biya da wanda ke gudu.

Abin da zan yarda da shi, kuma yana min ciwo, shi ne manyan injinan ba a Kano suke ba. Suna Legas suna Kogi suna Ogun. Akwai dalilai, dutsen siminti inda Allah Ya ajiye shi nan yake, tashar jirgin ruwa tana kudu, bututun gas bai iso mu ba tsawon shekaru, wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki, mai masana'anta a Challawa rabin ribarsa a dizal take ƙarewa. Duk da haka in ka zaga Bompai ka ga sito bayan sito an rufe, wasu an mayar da su wurin ajiye kayan China, dole ka ji wani iri a ce garin da ya haifi mai kuɗin Afirka ne wannan. Ko kamfanin tumatir na Kadawa da aka buɗe a 2016 da murna, buɗewa da rufewa ya yi ta yi. Wannan ƙorafin halal ne, a yi shi. Amma ƙorafi ne a kan inda aka kafa, ba hujja ba ce ta cewa gidan bai san masana'anta ba.

Maganar rabon gado

Yanzu ga wadda ta fi ci min rai. Duk inda aka zauna ana tambayar me ya sa kamfanin Bahaushe ba ya kai jika, sai wani ya sassauta murya ya ce ai ka san mu rabon gado ne matsalarmu, mata huɗu 'ya'ya talatin, kowa a ba shi nasa, ina kamfani zai rayu. Wasu da izgili suke faɗa, wasu da tausayi, amma duk abu ɗaya suke nufi, wai shari'a ce ke kashe kamfani.

Ban yarda ba sam.

Bari in ba ku abin da na gani da idona a unguwarmu, ba zan kama suna ba. Wani Alhaji ne mai injin matsar man gyaɗa, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki, ma'aikata sun fi 30, mata masu ƙuli-ƙuli layi suke yi da safe da robobinsu suna sayen tunkuza. Amma makullin sito a aljihun babbar rigarsa yake kwana. Lissafi a kansa yake, in ya yi yawa ya rubuta a bayan kwalin sigarin wani ko a gefen kalanda. Kuɗin cefane da kuɗin dizal da kuɗin gyaɗa duk daga aljihu ɗaya suke fita. Wa ke binsa wa yake bi, shi kaɗai ya sani. 'Ya'yansa manya kuwa ya tura su karatu, wanda ya gama ya nemi aikin gwamnati, don Alhaji yana ganin wurin injin nan ƙazanta ce ba ta dace da ɗansa mai digiri ba, in yaro ya zo hutu ya leƙa sai ya ce kai tafi gida kar ka ɓata kayanka.

Ranar da ya faɗi, kafin sadakar bakwai mutum uku sun zo da maganar bashi, ba takarda ba shaida, kuma ba wanda zai ce ƙarya suke. Waɗanda shi yake bi kuwa ko ɗaya bai zo ba. Manajan da ya san kan injin ya ga ba mai biyansa ya kama gabansa. Wata shida injin na tsaye, da aka zo rabo aka kira masu ƙiyasi suka yi wa fili kuɗi suka yi wa injin kuɗi, ba wanda ya yi wa kasuwancin kansa kuɗi don babu shi kuma, ya riga ya mutu. Ƙarshenta 'yan gwangwan ne suka zo da gas suka yanka injin suka auna a kilo.

To don Allah a nan ina laifin shari'a? Alƙali abin da ya tarar shi zai raba. Ya tarar da ƙarfe da fili, ya raba ƙarfe da fili. Da ya tarar da kamfani mai rajista da hannun jari da littafin akawu da manaja mai albashi, da hannun jarin zai raba, namiji ya ɗauki rabonsa mace ta ɗauki nata matan mamaci su ɗauki tumuninsu, injin yana ci gaba da juyawa, ƙarshen shekara kowa a tura masa ribarsa, wanda ya matsu ya sayar wa ɗan uwansa kasonsa. Ba aya ɗaya da aka taka. Shari'a ta ce a ba kowa haƙƙinsa, ba ta ce a yanka inji ba.

Alhassan Dantata ma ai Musulmi ne, ya bar mata da 'ya'ya da yawa, kuma an raba gadonsa yadda addini ya ce da ya rasu a watan Agustan 1955. Bambancin shi ne ya riga ya kafa Alhassan Dantata & Sons a matsayin kamfani, yana da akawu da masu riƙe masa lissafi, kuma abin da aka ruwaito shi ne da ciwo ya yi tsanani ya tara 'ya'yansa da mai kula da kuɗinsa ya yi musu wasiyya su zauna tare kar su bari kamfanin ya rushe. Ɗansa Ahmadu ya riƙe, da shi ma ya rasu a 1960 Aminu ya karɓa yana ɗan shekara 29. Kuma ba daga ɗaki aka ɗauko shi aka ɗora ba, tun yana saurayi yake sayen gyaɗa a kamfanin, har Sakkwato aka tura shi ya riƙe harkar can. Yaron da ya tsaya a bakin sikeli cikin ƙura ya ga yadda ake cusa yashi a buhu, ya ga yadda ɗan baranda ke lanƙwasa lissafi, ba a yi masa wayo a ofis.

Wannan shi ne abin da attajiranmu na yanzu suka fi sakaci da shi. Yaro yana Dubai ko Ingila yana karatu, madalla, ba na faɗa da karatu, amma bai taɓa kwana a shagon ubansa a Kwari ko Singa ba, bai san sunan yaran shago ba, su kuma sun san bai sani ba. Ranar da uban ya kwanta dama sai ya dawo da kwamfuta a hannu zai gyara kasuwanci, cikin shekara biyu yaran shagon sun buɗe nasu da kwastomomin uban.

Wani zai ce ai su ma Dantatan sun rarrabu, kowa da kamfaninsa, ba wani kamfani ɗaya da ya taho tun 1912. Haka ne. Ba irin Peugeot ba ne na Faransa, da suka fara da sarrafa ƙarfe a 1810 suna yin zarto da injin niƙan kofi, suka koma keke suka koma mota, duk a ƙarƙashin suna ɗaya, har Fijo ta zo Kaduna a 1975 ta zama motar kowa. Namu salon daban ne, uba ya ba ɗa jari ya ce je ka nema, in ya tsaya da ƙafarsa shi ma ya ba na ƙasa da shi, haka madugai suke yi tun zamanin ayari. Ni ban ga aibu a nan ba, kuma ban ga dalilin da za a ce sai mun yi irin na Faransa kafin a kira shi gado ba. Inda salon namu yake da rauni shi ne ya dogara kacokan a kan halin mutum ɗaya, in aka samu uba mai rowar jari ko mai tsoron ɗansa ya fi shi, sarƙar ta tsinke a nan. Gidan Khalifa Isyaka Rabi'u ma ta wannan hanyar aka bi, uban ya yi fatauci ya kafa masana'antu, ɗan, wato Abdussamad, ya koyi aiki a ciki ya fita ya kafa kamfanin BUA a 1988. Gida biyu ke nan a gari ɗaya, to ba sa'a ba ce.

"Mu talakawa me muka ci?"

Tambaya ce mai kyau kuma bai kamata a amsa ta da jerin masallatai ba. Eh an yi alheri, sashen wankin ƙoda da ke asibitin Malam Aminu Kano sunan Alhassan Dantata yake ɗauke da shi, kuma da ambaliya ta ci Maiduguri a 2024 Alhaji Aminu ya ba da naira biliyan 1.5, ga makarantu ga marayu. Allah Ya saka. Amma wanda ya yi tambayar ba sadaka yake nufi ba, yana nufin kakansa da ya noma gyaɗar.

Kuma gaskiya manomin gyaɗa bai ci abin da ya kamata ya ci ba. Farashi ba shi ke yankawa ba, da farko kamfanonin Turawa ne daga baya hukumar gwamnati, wadda ke saye da arha ta sayar a waje da tsada ta riƙe bambancin. Ga haraji da dole a biya da tsabar kuɗi, wanda shi ne ma ya tura da yawa noman gyaɗar. Ga bashin da ake ci tun damina a biya da kaka a farashin da mai kuɗi ya ga dama. Duk wani babban mai sayen gyaɗa na wancan zamani a cikin wannan tsarin ya yi arziki, ba a ware kowa ba. Haka kuma fataucin ƙarni na 19 da aka gada ba a raba shi da bauta, bayi suna cikin masu ɗaukar kaya suna cikin masu aikin gandu, a gidajen fatake gaba ɗaya.

Faɗin wannan ba cin mutuncin kowa ba ne. Ni dai na fi son tarihin da ya faɗi duka, don wanda aka wanke tas ba ya koya wa kowa komai, yabo ne irin na maroƙa, ka ji daɗi ka ba da kuɗi ka manta. In za mu ce wa matasa su yi koyi, to su san har da inda aka taka mutane, don kar su maimaita da manoman shinkafa da na riɗi na yau, waɗanda su ma wallahi kukansu ɗaya ne da na kakanninsu.

Abin da nake roƙo

Yawancin abin da aka rubuta a kan gidan nan da Turanci yake, a kundayen digiri da littattafan masana da ke kwance a ɗakunan karatu, yaron da ke Kurmi ko Dawanau ba zai taɓa cin karo da su ba. Abin da ya iso gare shi shi ne raƙuma da dala. To yaya ba zai ce gado ne kawai ba?

Ga mu da Jami'ar Bayero, ga Gidan Makama, ga Arewa House a Kaduna. Ga kuma dattawa a Koki da Sarari da Bebeji waɗanda suka yi aiki a kamfanin ko iyayensu suka yi, tsofaffin direbobi da akawuna da masu awo, kullum ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, Alhaji Aminu da ya rayu shekara 94 ya ga komai tun daga sikeli har rijiyar mai shi ma ga shi yana kwance a Baƙi'a. Zuriyar ba ta rasa kuɗin ɗaukar nauyin wannan aikin ba, kuɗin bikin aure ɗaya ya isa a zauna da dattawan nan a naɗi muryarsu, a tattaro tsofaffin littattafan lissafi da wasiƙu, na boko da na ajami, a fitar da shi da Hausa, a karanta a rediyo yadda mai shago zai ji yana awo.

Kuma ba tarihin "ya kasance mai tsoron Allah da son jama'a" nake nufi ba, wannan mun ji. Ina son in san nawa ake ba yaron gida la'ada a kan tan ɗaya. In ejan ya cinye kuɗin kaka me ake yi masa, kora ko kotu ko a sake ba shi wani jarin. Shekara nawa yaro ke yi a ƙarƙashin wani kafin a sallame shi da nasa. Wace sana'a suka shiga suka yi asara suka fita, don dole akwai. Sannan a 1955, da aka zauna rabo, me aka raba me aka bari a dunƙule, kuma wa ya shawo kan wanda ya ce shi a ba shi nasa ya tafi.